Awudu Bai San Password Ɗina Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsaye wurin mai koko a Maamobi, Razak abokina ya kira ni ya ce, "Sadik, kana ina? Nemi wuri ka zauna." Na ce ya faɗi kawai. Ya ce, "Chale, sun kashe Bra Awudu."

Awudu mai gyaran laptop. Wanda kontenar da yake gyara a ciki take kusa da babbar kwata ta Nima, mai shuɗin fenti.

Duka suka yi masa jiya da yamma, ya cika a asibiti da asuba. Sun ce ɓarawo ne. Bidiyon yana yawo yanzu haka, wasunku ma kun tura shi gaba, har da alamar dariya a ƙasa.

To ku saurare ni. Laptop ɗin da aka kama shi da ita a cikin buhu tawa ce. Ni na ba shi da hannuna.

Dole sai na rubuta wannan kafin a kai shi makwancinsa, domin ba zan yarda a binne shi da wannan suna ba.

Wanda bai san Awudu ba, bari in gaya masa. Duk yaron Nima da Maamobi da ke buga game a laptop ya taɓa zama a kan bencinsa. Ya girme mu, shi ya sa muke ce masa Bra. Shi kansa ba ya wasa. Ko game ɗin ƙwallon da muke kashe juna a kansa a base, wato majalisarmu ta samari, in ka miƙa masa pad ɗin wasa sai ya riƙe shi a juye. Amma in ya kara kunnensa a jikin laptop ya ji kukan fanka, zai gaya maka abin da ke damunta.

Na fara zuwa wurinsa tun ina da wata tsohuwar laptop da sai an dafe cajarta da littafi take kamawa. Ya gyara bakin cajar, ya ba ni shayi, ya yi mini faɗa a kan ɗora ta bisa katifa. Tun daga ranar na zama nasa.

In aka ɗauke wuta a layinmu, kontenarsa muke tafiya caji. Bai taɓa haɗa rai ba. Sai dai ya ce, "Ku yi salla tukuna, socket ba ya gudu."

Akwai abu ɗaya da kowa ya san shi da shi. Ba ya karɓar password ɗin mutum.

Ko ka fara faɗa masa, sai ya toshe kunne da yatsu yana cewa, "A'a, a'a, massa, riƙe abinka." In aikin na buƙatar a shiga ciki, to sai ka zauna gefensa ka buɗe da kanka, ya yi a gabanka. In ba ka da lokacin zama, ka dawo ranar da kake da shi. Mutane da yawa sun yi fushi sun kai aikinsu wani wuri saboda wannan.

Na taɓa tsokanarsa, na ce ko tsoron ganin abin da zai karya masa alwala yake yi. Bai yi dariya ba. Ya ce a shagon da ya koyi aiki, wata mata ta kawo gyara ta bar password, abokan koyonsa suka buɗe hotunanta suka tura wa juna. Daga wayarsu zuwa wayar unguwa. Matar ta bar Accra gaba ɗaya. Ya ce, "Ni ban tura ba, amma na gani. Tun ranar na rantse ba zan ƙara riƙe makullin ɗakin wani ba."

Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Laptop ɗina ta yanzu ta game ce, na daɗe ina tara mata. Sai dai kwanakin nan ta fara ba ni kunya. Ina tsakiyar wasa, ga live a buɗe, ga hira da 'yan ƙungiya a kunne, sai hoton ya tsaya cak, kafin ya dawo an harbe ni. Yara suka sa mini suna Slow Motion. Na ɗauke ta na nufi wurin Awudu da zafina, na ce RAM nake so, giga sittin da huɗu, babu ragi.

Ya kalle ni ya ce, "Sittin da huɗu? Banki za ka buɗe?"

Ya cire caja, ya kwance bayanta, ya zare igiyar batir, ya taɓa ƙarfen ƙofar kontena kafin ya sa hannu ciki. Kullum haka yake yi, wai kada wutar jikin mutum ta ƙona kaya. Ya nuna mini gurbi biyu na RAM. Ɗaya da giga takwas a ciki, ɗayan babu komai.

Ya ce, "Ka ga matsalarka. Hanya biyu aka yi mata, kai kana bin ɗaya. Ba girma kaɗai ba ne."

Na ce to a ƙara mini babba guda a gurbin da ke wofi. Ya girgiza kai. Ya ce ya fi son biyu iri ɗaya, kamfani ɗaya, girma ɗaya, gudu ɗaya, domin in ka haɗa mai sauri da mai nawa, mai saurin zai rage gudu ya jira ɗan'uwansa. Ya ce goma sha shida biyu sun ishe ni wasa da live da duk surutuna, kuma iyakar abin da injina zai ɗauka ke nan. Ya ce tawa DDR4 take ci, kada wani ya yi mini daɗin baki ya sayar mini da DDR5 wai sabon yayi, tsagar bakinsu ma ba wuri ɗaya take ba, in ka danna da ƙarfi gurbin za ka fasa. Kuma gajeren nan na laptop, ba dogon na kwamfutar tebur ba.

Ya ƙara da abin da ban so ji ba. Ya ce, "RAM zai hana tsayawan nan. Amma ba zai mai da graphics naka sabo ba, kuma ba zai koya maka harbi ba. Wannan kai da Allah."

Razak yana wurin, ya yi dariya har ya zubar da shayi.

Na ce to ya rubuta mini sunan, in aika a sayo. Ya ce ba ya haka. Kasuwar ta cika da RAM da aka ciro daga bola, a goge, a manna masa sabuwar takarda. Takarda ta ce abu kaza, ciki wani abu daban. Shi dokarsa ita ce ya ɗauki laptop ɗin ya je da ita har wurin mai sayarwa, ya sa RAM ɗin a gabansa, ya kunna ya shiga BIOS, wato shafin da ke fitowa tun kafin a tambayi password, ya ga adadin da gudun da idonsa. In bai yi daidai ba, ya cire ya miƙa musu abinsu.

Kuma ba ya sa laptop a jakar laptop. A tsohon buhun shinkafa yake naɗe ta da tawul, wai jaka tana kiran masu ƙwace, buhu kuwa babu mai kallo. Mun sha yi masa dariya a kan buhun nan.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ke nan, shekaranjiya. Da zan tafi na ce, "Bra, karɓi password mana, ko za ka gwada game ɗin ka gani." Ya toshe kunnensa. Ya ce, "Sadik, ka san ni. In na dawo ka zo ka buɗe abinka da kanka, in zauna in ga ko har yanzu za a harbe ka."

Na ce sai ya dawo. Ya ce, "In sha Allahu."

Jiya bayan la'asar ya tafi layin 'yan kayan kwamfuta. Ba zan faɗi sunan layin ba, na san yaranmu.

Akwai wata mata a can, Anti Akosua, wurinta yake sayen RAM shekara da shekaru. Ita ta zo Nima da safen nan tana tambayar kontena mai shuɗin fenti, zaninta duk jini. Daga bakinta na ji farkon abin da ƙarshensa, tsakiyar na gani a bidiyon.

Ta ce ya zauna a shagonta ya gwada kala biyu ya ƙi su, na uku ya karɓa. Ya sa, ya kunna, ya duba, ya ce mata yaron zai ji daɗi. Bai ɗaure bayan laptop ɗin ba, ya riƙe shi da roba kawai, ya zuba sukurorin a kwalin ashana, domin yana so in ya dawo ya wanke fanka kafin ya rufe. Ya naɗe a tawul, ya sa a buhu, ya nufi tashar trotro, motocin haya.

Ashe kafin ya fito an fasa gilashin motar wani a bakin titin an ɗauke laptop. Mai motar yana ta zagaye da wasu samari. Suka ga mutum da buhun shinkafa mai kusurwa huɗu. Suka tare shi suka fizge buhun. Ga laptop baƙa, bayanta a kwance, an ɗaure da roba.

Wani ya yi ihu, "Awi o! Julɔ!" Ɓarawo da yaren Twi, ɓarawo da yaren Ga. Shi ke nan.

Daga nan bidiyon ya fara. Na kalle shi sau ɗaya, ba zan sake ba.

An riƙe masa wuyan riga. Yana cewa shi mai gyara ne, ta customer ce. Wani mai jar hula ya buɗe laptop ɗin a kan bonet ɗin mota ya kunna, ya ce, "In ba sata ba ce, buɗe ta. Sa password."

Awudu ya ce, "Ban sani ba. Ba na karɓa."

Kuna jin yadda taron ya ɗauki ihu? Kamar an ci ƙwallo.

Mari ya fara sauka. Ya sa hannu a aljihu ya ciro waya yana cewa, "Ku bari in kira mai shi, yanzu zai zo, Maamobi yake." Sunana yake nema. Wani ya doke hannun da katako, wayar ta faɗi, wani ya taka ta. Kwalin ashanar ya faɗo, sukurori suka watse a ƙasa, wani ya ce ga shaida nan, har ya fara kwance ta zai sayar.

Suka kayar da shi. Katako, bel, ƙafa. Wani da ko abin da ake yi bai sani ba ya tsallako titi da gudu, ya kai masa shuri a ciki, sannan ya juya yana tambayar me ya sata. Wata mata ta ajiye tiren kayanta ta cire takalmi. Yana kare kansa da hannu biyu, hannun nan da ke kama sukurun da ni ko ganinsa ba na yi. Sun karya masa yatsu. Yana roƙonsu da Twi, "Mepa mo kyɛw," ya koma Hausa, ya koma Turanci, ya koma salati.

Sai wani ya ɗauko bulo.

Mai ɗaukar bidiyon bai kawar da waya ba. Matsowa ya yi don ya ɗauka da kyau.

Ni da nake kwana ina harbin mutane a game, jini na fantsama a allo ina dariya, na yi amai a bakin kwata da na ga wannan.

An fara neman taya da fetur sa'ad da Anti Akosua ta iso. Wani ne ya ruga ya gaya mata. Ta fito babu takalmi, ta ratsa su, ta kwanta a kansa tana ihu cewa customer ɗinta ne, a wurinta ya sayi kaya yanzun nan, in za su ƙona shi su haɗa da ita. Ita ma ta sha katako a baya. A lokacin ne mai motar ya duba laptop ɗin da kyau ya ce, ai tasa ba wannan ba ce, tasa ruwan toka ce.

Kafin ka ce me, wurin ya watse. Kowa ya koma sana'arsa.

Wannan ɓangaren ba ya cikin bidiyon da kuke turawa. An yanke shi.

Ita ta sa shi a tasi ta kai shi asibiti, ta zauna da shi har ya cika. Ba ta san gidansu ba, wayarsa kuma an farfasa. Mu muna nan muna kira tana kashe, muna cewa ƙila caji ne ya ƙare. Allah ya saka wa matar nan da alheri. Ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, amma ita kaɗai ta tsaya.

Na je wurin 'yan sanda kafin azahar. Laptop ɗin tana kan tebur, kusurwarta ta fashe, tawul ɗin yana gefe. Na ce tawa ce. Suka ce in buɗe. Na sa yatsu na buga password ɗin, ta buɗe nan take, ga hotona da na ƙanwata a allo.

Abin da aka nema daga gare shi ke nan. Ko numfashi biyu ban yi ba.

Ban san me ya sa ba, na shiga na duba RAM. Talatin da biyu. Gurbi biyu duk a cike, gudu ɗaya. Ya gama aikinsa.

Suka nuna mini abin da aka samu a aljihunsa. Sukudireba, carbi, da tsohon RAM ɗina mai giga takwas, a naɗe cikin leda. Haka yake yi, duk abin da ya cire daga injinka sai ya damƙa maka a hannu, ko da ya mutu, ko da ka ce ya jefar. Mutumin da ya tsare mini ɗan guntun da ni ma na manta da shi, shi ake kira ɓarawo.

Daga can na wuce gidansu. Mma, mahaifiyarsa, tana zaune a kan tabarma, mata sun kewaye ta. Ba ta ga bidiyon ba, an ɓoye mata wayoyi. Amma kalmar ta riga ni isa. Wata da ta zo gaisuwa ta ce mata, "Allah ya yafe masa abin da ya ɗauka."

Da na durƙusa, Mma ta kama hannuna ta ce, "Sadiku, kai kana zama wurinsa. Gaya mini gaskiya, kar ka ji tausayina. Kayan wa ya ɗauka?"

Na ce, "Nawa ne, Mma. Ni na ba shi. Gyara ya je yi mini."

Ta ce, "To me ya sa bai buɗe musu ba? An ce sun ce ya buɗe ya ƙi."

Na ce, "Bai ƙi ba, Mma. Bai sani ba ne. Na ba shi ya toshe kunne."

Sai ta gyaɗa kai ta ce, "Shi ne. Ɗana ne wannan." Sai a lokacin ta yi kuka.

Yanzu ga maganata.

'Yan base, na ji abin da kuke shiryawa. Na ga wanda ya fito da adda ɗazu. Wallahi ni ma zuciyata wuta take ci, in na rufe ido mai jar hular nan nake gani, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na yafe ba. Ban yafe ba. Amma in kuka je layin nan, wa za ku sara? Wanda kuka fara gani. Haka su ma suka yi. Kuma shagon Anti Akosua yana layin. Fuskokinsu suna cikin bidiyon, mun miƙa shi inda ya kamata, ni da ita mun ba da shaida, kuma za mu bi maganar har ƙarshe. Ku mai da addunan nan ɗaki, ku zo ku ɗauki makara.

Ku kuma masu turawa. Mutumin nan ya yi shekaru yana toshe kunnensa don kada sirrin wani ya shiga wayar unguwa. Yau shi ne a wayar unguwa, rigarsa a yage, yana roƙo. Yana da 'ya mace da ta fara iya latsa waya. Ku goge. In kun gan shi a wani group, kada ku wuce, ku rubuta a ƙasa: sunansa Awudu, mai gyara ne, laptop ɗin ta Sadik ce, Sadik ne ya ba shi. Ku sa sunana, ban damu ba.

Na ji wasu na cewa ba za su tsaya sallar wanda aka kama da sata ba. Ku zo. In an ba mu gawa yau, bayan la'asar ne a masallacin layinsu, in ba a ba mu ba za mu sanar. Mma ta ce in tsaya a ƙofar masallaci kafin a ɗaga kabbara in faɗa da ƙarfi, yadda na bayan sahu zai ji. Zan faɗa da Hausa, in faɗa da Twi, in faɗa da Turanci, duk yarukan da ya roƙe su da su.

Bra Awudu, ka ce in zo in buɗe da kaina, ka zauna ka gani. Na buɗe. Ba ta tsayawa yanzu. Ban san ranar da zan iya sake taɓa ta ba.

Ya Allah, ka gafarta wa Awudu, ka karɓi shahadarsa, ka sa dukan da ya sha ya zama kankarar zunubansa. Yadda ya rufa wa bayinka asiri, ka rufa masa nasa. Ka yalwata kabarinsa, ka ba Mma da matarsa da 'yarsa haƙuri. Ka bi masa hakkinsa a kan duk hannun da ya taɓa shi.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ka tsaya ka yi masa Ƙulhuwallahu. Sannan ka buɗe wayarka ka goge bidiyon.

Ba ɓarawo ba ne. Ni na ba shi.